Motar da Za Ta Ja Gidan Tsoho

Realicó, 9 ga Maris, 1988

Ƙanena Baldo,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Nélida. Da fatan iskar garinku ba ta yi gaba da ku ba tukuna. Mu nan lafiya, sai gwiwar mijina Rogelio da ta sake tashi. Shi ya ce hawa tsani ne a rumbun hatsi, ni na ce tumbi ne. 'Yan matana sun koma makaranta. Idon Tsoho na hagu ya ƙara dushewa, na daman yana nan yadda ka bar shi.

Dalilin rubutuna shi ne, Tsohon nan mahaifinka ya sayi gida mai taya, irin wanda ake ja da mota. Matar marigayi likitan haƙori ce ta sayar masa. Ba wanda ya sani, sai dai muka ga ƙarti suna turo shi ta ƙofar baya suna haki. Yana nan ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, kaji har sun mayar da ƙasansa wurin kwana. Akwai gado biyu a ciki, da murhun gas, da tebur mai naɗewa.

Na ce, "Baba, ina za ka da wannan?"

Ya ce, "Kudu. Río Mayo. Ko an hana mutum ganin inda aka haife shi?"

Na ce, "Da wace motar?"

Ya ce, "Ai ina da ɗa."

Rogelio ya gwada ɗaura shi a 'yar motarmu. Ba su kai kwanar coci ba kuloci ya fara ƙauri, maƙwabta suka fito kallo. Saboda haka sai kai. Can wajenku motocin rijiyoyin mai sun fi sauƙin samu. Ka duba wadda za ta iya jansa, ka rubuto. Tsoho ya ce shi zai biya, kuma ba ya son musu a kan wannan.

Na ga adireshinka ya koma akwatin kamfani, can na aika.

Yayarki, a'a, yayarka, har hannuna ya saba da rubuta wa 'yan mata.

Herminia

Comodoro Rivadavia, 2 ga Afrilu

Yaya Herminia,

Saƙonki ya iso, na gode. Ina lafiya, aiki ne dai ba ya ƙarewa. Ki gaida Tsoho da yara, ki ce wa Rogelio na goyi bayanki a zancen tumbi.

Na zaga na duba motoci, uku ne suka tsaya mini a rai.

Akwai wata jif ta wani abokin aikina. Tana da ƙarfi, ba tudun da ba ta hawa, amma gajera ce. Gajeriyar mota in ta ɗauko dogon abu a baya, abin ne yake juya ta, ba ita take juya shi ba. Bara na ga irin haka a hanyar Trelew. Iska ta bugi gidan daga gefe, ya fara rawa, motar ta bi shi, suka kwanta tare a rami. Mutanen sun fita da ransu, amma tukwanensu da katifunsu sun bazu a daji. Wannan na cire ta.

Akwai doguwar motar iyali mai fetur, ta wata malamar makaranta. Tana ɗaukar mutum shida ba matsi. Sai dai sifirin ɗinta na baya laushi gare shi. Na sa mutum biyu sun hau bayanta, sai hancinta ya ɗaga sama. In aka ɗaura mata gida haka za ta yi, tayoyin gaba su daina kama ƙasa sosai, sitiyari ya zama wasa. Ana iya ƙara mata ƙarfe, amma injin zai sha wuya a tudu.

Ta ukun akori-kura ce mai man gas, ta wani dattijo mai tumaki a Sarmiento, Don Evaristo Pugh. Doguwa ce, mai nauyi, birkinta lafiya. Mummuna ce ƙwarai, launinta kamar ruwan wanki. Ita ce ta dace da aikin. Matsalarta kujera ɗaya ce doguwa, mutum uku take ɗauka, in ba mai tumbi a ciki.

To ku nawa ne? In hutun Janairu kuke so ku yi gaba ɗaya, ke da Rogelio da yara da Tsoho, dole motar malamar. Kuma ki duba jikin ƙarfen da ake ɗaurawa, akwai ɗan faranti da aka rubuta nauyin gidan. Ki kwafo mini. Ki gaya mini ko yana da birkin kansa.

Baldo

Realicó, 6 ga Mayu

Baldo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, ƙaramar ce kawai ta yi mura ta warke. An fara sanyi.

Farantin ya yi tsatsa, Rogelio ya goge shi da soson ƙarfe. Na kwafi abin da ke jiki a bayan takardar nan, in ka ga lambar da ba ta yi kama da lamba ba, laifin tsatsa ne. Birki akwai, amma Tsoho ya ce wayarsa ta tsinke.

Tun da na karanta masa wasiƙarka ba shi da zance sai akori-kura. Ya ce a zamanin da yake yawon askin tumaki irinta ce ke ɗaukarsu, su da injin askin da karnuka. Yanzu ma a cikin gidan yake kwana. Da safe can yake dafa ruwan mate ɗinsa, shayin ganyen nan da yake sha a ƙoƙo, ya buɗe 'yar taga yana gaida masu wucewa kamar mai kanti. Ya cika akwatunan da barguna da tukwanen Mama. Na yi magana har na gaji, ka san halinsa. Yana nan zaune kusa da ni ina rubutun nan, yana tambaya ko na faɗa maka zancen wayar birki.

Kada zancen kujeru ya dame ka, Rogelio da yara ba za su ba. Ka ɗauki mai ƙarfin. Wahalarta ta zuwa ce kawai, don ba za a dawo da shi ba. In kun isa sai ka nema masa wurin da iska ba ta bugawa sosai, ka ajiye shi. Sauran bayani sai ka zo.

Herminia

Comodoro Rivadavia, 1 ga Yuni

Yaya,

Ina lafiya. Da fatan kuna lafiya.

Na karanta ƙarshen wasiƙarki ya fi a ƙirga. Ashe ba yawo ba ne, kawo mini Tsoho za a yi a ajiye. Da kin faɗa tun farko, da ban ɓata ranakun hutuna ina leƙa ƙarƙashin motocin mutane ba.

Ban ce ba ki yi ƙoƙari ba. Tun rasuwar Mama ke kike da shi, ke ce asibiti, ke ce abinci, ni sai wasiƙa. In kin gaji kina da gaskiya. Amma sai ki ce kin gaji, mu zauna mu duba, ba ki ɗora shi a kan taya ki turo shi ba.

Ga abin da ba ki sani ba. Ni da Nélida mun rabu tun kafin Kirsimeti. Gidan nata ne, na mahaifinta, ni na fita. A ɗakin kamfani nake kwana tare da wasu maza, gado a kan gado, kayana suna cikin akwati a ƙarƙashi. Rabin wata ina rijiyoyi, babu ni a gari. Ba ni da inda zan ajiye tsoho mai ido ɗaya. Nan in sanyi ya kama, ruwa daskarewa yake a famfo. Wa zai duba shi? Wa zai kunna masa wuta? Ba zan iya ba, kuma ba zan yi kamar zan iya ba.

Na aika wa Don Evaristo cewa kada ya jira ni.

Gobe za mu tafi rijiyoyin yamma. Ban san ranar dawowa ba.

Baldo

Realicó, 17 ga Yuni

Baldo,

Muna lafiya. Ina fata wannan ta same ka kafin ka yi nisa.

Gidan nake nufi. Gidan ne ba za a dawo da shi ba. Na ɗauko abin da na tuna na rubuta na juya shi a kaina, na ga yadda ka karanta shi, amma ni gidan nake nufi.

Zancen Nélida mun sani tun Fabrairu. Ƙanwarta ta rubuta wa wata ƙawarta a nan, ka san Realicó. Tsoho ma ya ji. Sai da adireshinka ya canja ya tambaye ni, "Mutum yana kwana a akwatin gidan waya ne?" Bayan sati biyu aka turo gidan nan. Naka ne. Ya ce in aka ce maka kyauta ce ba za ka karɓa ba, shi ya sa ya ƙirƙiro zancen Río Mayo. Niyyarsa ku tafi tare, ya ga garinsu, ya bar maka gidan da motar, ya hau bas ya dawo. Ya hana ni faɗa. Barguna da tukwanen Mama ma kai aka zuba wa.

Ka san ni nake karanta masa wasiƙunka, kuma ba na duba su kafin in fara. Muna cikin gidan, yana riƙe da mate. Na tsaya a tsakiya, ya ce, "Ci gaba." Na ce rubutun bai fito ba. Ya ce, "Herminia, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Ci gaba." Na karanta har ƙarshe, har wurin tsoho mai ido ɗaya.

Ya ajiye ƙoƙon maten ya ce, "Ai gaskiya ya faɗa, ɗaya ne." Sannan ya tambaye ni ko kaji sun sha ruwa.

Washegari ya ce wa Rogelio ya nemo mai saye. Amma bai daina kwana a ciki ba.

A kan zancen gajiya, na gaji, amma ba irin wadda kake tsammani ba. Ka rubuto.

Herminia

Realicó, 21 ga Yuli

Baldo,

Na ji ka shiru. A rediyo sun ce ƙanƙara ta rufe hanyoyin wajenku, ina ɗauka shi ne dalili.

Tsoho ya kwanta asibiti. Sanyi ne ya shiga ƙirjinsa, na kwanan gidan nan. Da safe na kai masa burodi na same shi yana rawar ɗari, murhun a kashe, wai yana tattalin gas. Ya fi sati a can. Yanzu ya dawo, yana ɗakinsa na da, yana cin abinci kaɗan kaɗan. Ya rame. Likita ya ce in ya wuce Agusta lafiya to shi ke nan.

Wani mai kiwon zuma daga Rancul ya zo ya ga gidan, yana so. Tsoho ya ce a ba shi. Na ce wa mutumin makullin ya ɓata, ya dawo wata mai zuwa. Makullin yana cikin gwangwanin maɓallaina. Ba zan iya ɓatar da shi sau biyu ba.

Ban ce ka zo ba, ban ce kada ka zo ba. Na dai gaya maka yadda ake ciki.

Herminia

Comodoro Rivadavia, 12 ga Agusta

Yaya Herminia,

Ina lafiya, sai yatsun ƙafa biyu da sanyi ya taɓa, suna warkewa. Yaya jikin Tsoho? Ƙanƙara ta tsare mu a rijiyoyi, abinci ma da tarakta ake kawo mana. Shekaranjiya na sauko na tarar da wasiƙunki biyu tare a akwati. Ta biyun na fara buɗewa, don ita ce a sama. Sai da na karanta ta farkon na gane zancen makulli.

Jiya na hau motar madara na tafi Sarmiento. Na samu Don Evaristo yana gyaran shinge. Akori-kurar tana nan a rumfa.

Ya ce, "Kai ne ka aiko cewa kada in jira ka."

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Ban jira ka ba. Ba wanda ya zo ne. Kowa ya gan ta sai ya ce matarsa ba za ta shiga ba."

Na ce ni wannan matsalar ta wuce mini. Ya dube ni, ya je ya ɗauko makulli.

Mun ɗaura mata tirelar da yake kai ulu, muka loda buhunan gishiri daidai nauyin da kika kwafo, na hau tudun bayan tafki da ita. Ba ta yi zafi ba. A gangara na taka birki, ta tsaya a miƙe. Na saya. Zan canja mata tayoyin baya, in ƙara mata dogayen madubai, in yi wa ƙugiyar sabon waldi da hannuna. Wayar birkin gidan zan zo da ita.

Ki gaya wa mai zuma an fasa. Na nemi hutu a Oktoba, lokacin sanyi ya wuce.

Na rubuta wa Tsoho takarda daban har sau uku, duk na yaga. Ki ce masa motar mai man gas ce, giya huɗu, kuma lagireton sabo ne. Sauran in na zo.

Baldo

Realicó, 3 ga Satumba

Baldo,

Lafiya lau muke. Tsoho ya wuce Agusta. Yana fita tsakar gida da rana, da bargo a kafaɗa.

Wannan karon na karanta wasiƙar ni kaɗai tukuna, sannan na karanta masa duka, har wurin takardun da ka yaga. Ya ce, "Wa ya koya masa waldi?" Na ce shekara nawa kana yi. Ya ce, "A gaya masa kada ya liƙa ƙugiyar a bamba. A jikin shasi ake liƙawa." Na ce ai ka sani. Ya ce a dai rubuta. To na rubuta.

Bai ce a fasa sayarwa ba, bai kuma ce a sayar ba. Da mai zuman ya dawo, Tsoho ne da kansa ya fita ya ce masa tayoyin ba su da kyau, rufin yana yoyo, shi da ya ga mutum mai iyali ba zai cuce shi ba. Rufin nan ba ya yoyo.

Ni ba zan bi ku ba, ina da ɗinkin bikin 'yar maƙwabcinmu Sosa. Ku biyu za ku, kujera ta ishe ku. Likita ya yarda, in dai ba za ku yi doguwar tafiya a yini ɗaya ba. In za ka taho ka zo da abin ɗaure kaya, Tsoho ya ƙara kujerar Mama mai lilo a cikin abin da za a tafi da shi.

Herminia

Comodoro Rivadavia, 14 ga Nuwamba

Yaya,

Mun iso lafiya, mu biyu da gidan. Tsoho yana ci yana barci, tarin ya ragu. Ki gaida Rogelio da 'yan mata.

Motar ta yi abin da aka saye ta dominsa. Har Río Colorado ban ma san ina jan komai ba. Bayan Trelew iska ta taso daga yamma, wata babbar mota ta wuce mu, na ga gidan a madubi ya karkata kamar zai leƙo gefenmu. Na ɗaga ƙafa daga totur, ban taɓa birki ba, ya koma bayanmu ya daidaita. Tsoho bai ko ajiye maten da yake zubawa ba. Ya ce, "Da jif ɗin ce da yanzu muna tsintar tukwane."

Duk hanyar nan ba mu yi zancen wasiƙar ba. Sau ɗaya na fara, wajen Sierra Grande, na ce, "Baba, abin da na rubuta..." Ya ce, "Dubi hanya. Kana ja kana surutu."

Mun je Río Mayo. Ya sa na zaga da shi bakin kogi, inda ya ce gidansu yake. Babu gida, wurin ajiye motocin gyaran hanya ne yanzu. Ya sauka ya tsaya a jikin waya, hularsa a hannu don kada iska ta ɗauke. Wani tsoho ya zo wucewa, suka gaisa, Tsoho ya jero masa sunayen mutanen da ya sani a da. Mutumin ya san ɗaya, ya ce ya rasu tuntuni. Tsoho ya dawo mota ya ce, "To na gani. Akwai inda ake sayar da naman rago a garin nan?" Muka ci, muka juyo.

Wani abokin aikina, Aniceto, ya ba mu bayan gidansa a unguwar da ke ƙarƙashin dutse, katanga ta tare iskar. Mun cire tayoyi mun ɗora gidan a kan bulo, mun ɗaure kusurwoyinsa da sarƙa. Da muka gama Tsoho ya miƙo mini makulli ya ce, "Riƙe, aljihuna ya huje." Na karɓa.

Na sayo masa tikitin bas na Alhamis da ta wuce. Ranar Laraba ya ce ƙofar ba ta rufuwa daidai, ba zai bar ni da ita haka ba. Na mayar da tikitin zuwa Alhamis mai zuwa. Jiya ya gano taga tana shigo da ƙura. Yau da safe na tarar da shi da matar Aniceto suna auna wurin da za a shuka albasa. Ita ta ce in na tafi rijiyoyi za ta riƙa leƙa shi, dama tana dafa wa surukinta. Akwai asibiti a ƙasan layin, na je na gani.

Na tambaye shi, "Baba, tikitin fa?"

Ya ce, "Albasa ba ta fitowa a sati ɗaya."

Kada ki je tasha ranar Alhamis. Ki aiko da maganin idonsa da wandonsa mai kauri, wanda ke rataye a bayan ƙofa. Ya ce kuma a gaya wa Rogelio kada ya bar kaji su shiga ɗakinsa.

Ƙaninki,
Baldo